Notin Birki Da Ya Ƙi Kwancewa: Kafin Ka Hau Kan Fayif



Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na lura da wani abu da ya yawaita a unguwanninmu, daga Kafanchan zuwa Kagoro, Zonkwa har Kwoi. Ranar Asabar da safe sai ka ga magidanci ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya ɗaga motarsa da jak, waya a hannu yana kallon bidiyon gyara. Wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin asibiti, wani kuma manomin citta ne da cutar nan ta 2023 ta cinye masa gona, har yau bai gama farfaɗowa ba. Kuɗin da za a ba makanike ya koma kuɗin makarantar yara. Ni ma ina cikin wannan sahu, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Akwai masu cewa duk abin da mutum zai taɓa a mota ya taɓa, amma ban da birki. Na fahimci tsoronsu, sai dai ban yarda da su gaba ɗaya ba. Canza fad ɗin birki aiki ne da mai natsuwa zai iya yi a gida, wani lokaci ma ya fi gareji kyau, don shi ba ya da mota biyar da ke jiransa a layi. Inda nake tare da su shi ne wuri ɗaya: lokacin da ka sa sifana a notin kalifa, ka ja, ya ƙi motsi. Abin da za ka yi a cikin minti goma da ke biye, da notin da za ka mayar bayan ka gama, su ne duk maganar.

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Motata Corolla ce tsohuwa, 'yar Kwatano. Wata Asabar cikin damina na zauna zan canza mata diski da fad na gaba, don washegari zan kai iyali Jos. Ƙananan notuna biyu suka fita ba gardama. Da na zo kan manyan biyu na baya, ɗaya ya ce ko kusa. Na ja, na tura, na yi gumi. Sai na shiga bayan gida na ɗauko guntun fayif na ruwa, na zura a hannun soket, na hau kai da ƙafa. Na ji ya saki, har na yi murmushi. Da na duba, kan notin ne a cikin soket, sauran jikinsa na can a binne cikin ƙarfe. Abin takaicin, daga baya na gane ashe ɗaure shi nake ta yi tun farko.

Wannan kuskuren ya fi tsatsa karya notuna, kuma ba wanda ke son amsa cewa ya yi shi. Kowa ya san noti yana ɗaurewa ne idan ka juya shi yadda hannun agogo ke tafiya, ya kwance idan ka juya akasin haka. To amma wannan ƙa'idar tana aiki ne idan kana kallon kan notin ido da ido. Notin kalifa kansa na kallon cikin mota ne, wajen inji, kai kuma kana zaune a waje, wato ta bayansa kake ganinsa. Daga inda kake zaune komai ya juye. Saboda haka kafin ka sa ƙarfi, murɗa sitiyari har notin ya leƙo, ka sa kanka ciki ka kalle shi, ka tabbatar da ɓangaren da za ka ja. In da racet kake aiki, saita shi a hannunka tukuna, ka gwada a kan wani noti da kake gani sarai.

Ga wanda bai taɓa cire taya ya leƙa ba: kalifa shi ne ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cije diski idan ka taka birki. A yawancin motocin da muke hawa notunansa iri biyu ne. Akwai ƙanana biyu da ke riƙe shi a kan sandunan da yake zamewa a kai, waɗanda makanikai ke kira fin. Akwai kuma manya biyu da ke ɗaure mazauninsa, wato biraket, a jikin ƙafar mota. A Corolla irin ta 2003 zuwa 2008, ƙananan suna cin sifana lamba 14, manyan lamba 17. Wasu motocin Jamus kuma kan notin rami ne, sai da alanki. In fad kawai za ka canza, ƙananan sun ishe ka, babu abin da ya kai ka ga manyan. Da yawa muna jawo wa kanmu faɗan da ba a gayyace mu ba.

Me ke sa su kafewa? Da farko a tuna daga ina motocinmu suka fito. Mota ta yi shekara goma ko fiye a arewacin Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara don kada mota ta zame. Wannan gishirin ya shiga kowane lungu na ƙarƙashinta kafin a ɗora ta a jirgin ruwa. Ta iso nan kuma ta tarar da daminarmu, wadda ke ɗaukar wajen wata shida zuwa bakwai, ga jan laka, ga kududdufai a hanyar ƙauye. Birki ya yi zafi, ka faɗa ruwa ya huce, gobe a maimaita. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta cika 'yar tazarar da ke tsakanin zaren noti da raminsa ta matse shi. Sannan wasu kamfanoni suna shafa wa waɗannan notuna wani gam tun daga masana'anta don kada su sassauta a hanya. In ka fitar da noti ka ga shuɗi ko ja a zarensa, shi ne. Na ƙarshe, wanda ya fi ba ni haushi, shi ne hannun wanda ya taɓa motar kafin kai: yaron gareji da aka koya wa cewa ɗauri mai kyau shi ne wanda ya hau kai ya yi tsalle.

A nan nake so mu ɗan yi lissafi, don lissafin ne ya buɗe min ido. Littafin gyaran wannan Corolla ya ce a ɗaure babban notin da ƙarfin da ake aunawa 107 a ma'aunin Nm, ƙaramin kuma 34. A Hausance, 107 ɗin nan kamar ka rataya nauyin kilo 11 ne a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. In sifanarka kwatar mita ce, kana buƙatar wajen kilo 44, kusan buhun siminti ke nan, shi ya sa yake yi maka wuya da gajeren sifana ko da babu tsatsa. To yanzu ɗauki mutum mai kilo 70 ya hau ƙarshen fayif mai mita ɗaya. Ya ɗora wa notin abin da ya ninka ƙa'idarsa fiye da sau shida. In ya yi tsalle kuma abin ya wuce lissafi. Ƙaramin notin kuwa, wanda kaurinsa bai fi na biro ba, ko fayif ba ya buƙata kafin ya tsinke.

Ba ina cewa dogon hannu haram ba ne. Ana buƙatarsa, amma da hannu ake jansa, a hankali, kana sauraron abin da ƙarfen ke gaya maka. Noti mai niyyar fita yakan yi ƙara sau ɗaya, ƙas, sannan ya yi sauƙi. Wanda zai karye kuwa shiru yake yi, sai ka ji yana juyawa da taushi kamar kana murɗa alewa. Da ka ji wannan taushin, saki. Ni na ji shi ranar nan, na ɗauka nasara ce.

Abin da na koya bayan nan, yawancinsa daga bakin wani dattijo maƙwabcina ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Garin nan tun 1927 mahaɗar layin dogo ne, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, kuma har yanzu akwai ragowar mutanen da suka yi rayuwarsu suna kwance notunan da suka fi hannun yaro kauri. Baba ya zo ya tsaya a kaina yana kallon ɓarnar da na yi, bai ce uffan ba sai da ya sa aka kawo masa kujera. Abin da ya fara tambaya shi ne yaushe na jiƙa notin. Na ce ban jiƙa ba. Ya girgiza kai kawai.

Aikin, a wurinsa, daren Juma'a yake farawa. Ka kankare laka da tsatsar da ke kewaye da kan notin da burushin waya, ka fesa man kwance tsatsa irin na gwangwani a inda kai ya haɗu da ƙarfe, da kuma ta ɗaya gefen inda wutsiyar notin ta leƙo in kana iya kaiwa. Ka bar shi ya kwana, da safe ka ƙara. Ka kiyaye kada man ya taɓa diski ko fad, don fad da ya sha mai ya tashi aiki. Wasu na zuba man birki a kan noti mai tsatsa. Ni ba na yi, yana cin fenti, kuma ba don haka aka yi shi ba. Sannan ka sami guduma ka ba kan notin duka uku ko huɗu a tsaye, masu kyau amma ba na fushi ba. Girgizar ce ke fasa tsatsar da ta riƙe zare.

Sai batun makami. Fulat sifana mai buɗaɗɗen baki, da wanda ake ƙara wa baki a rage, ka ajiye su nesa da wannan aikin, gefe biyu kawai suke kamawa, su ne ke mayar da kan noti kamar gujiya. Soket mai kusurwa shida ake so, ba mai goma sha biyu ba, kuma ya shige har ƙasa. In tsatsa ta riga ta ci kan har soket na rawa, nemi wanda ya ɗan fi ƙanƙanta ka buga shi ya shiga. Ka tallafe kan soket da hannu ɗaya don kada ya karkace, ka ja da ɗayan. Ka ɗan gwada ɗaurewa kaɗan, kamar ƙiftawar ido, sannan ka kwance. In ya motsa, kada murna ta sa ka zare shi gaba ɗaya: gaba kaɗan, baya kaɗan, ka ƙara mai, har ya fito da kansa. A ƙananan notunan kuma, wani lokaci ba kafewa suka yi ba, fin ɗin ne ke juyawa tare da su, sai ka riƙe shi da siririn sifana.

Duk wannan ja da turawar a kan motar da ke tsaye bisa jak kaɗai, wasa da rai ne. Jak ɗin da ke zuwa da mota don canza taya aka yi shi, ba don a jijjiga shi ba, balle a ƙasar tsakar gida da ruwa ya jiƙa. Bulo ma ba abin yarda ba ne. Irin bulon da ake bugawa yanzu, wanda siminti ke wa yashi gaisuwa daga nesa, ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. In ba ka da mariƙin ƙarfe mai ƙafafu, sami kututturen katako mai ƙwari, ka tura tayar da ka cire a ƙarƙashin mota, ka sa dutse a tayoyin baya.

Wuta fa? Zafi na aiki, ba musu. Yana buɗa ƙarfen da ke kewaye da noti, yana kuma kashe gam. Jan gam ɗin nan sai ya ji zafin da ya kai wajen digiri 250 yake saki. Amma dubi abin da ke maƙwabtaka da wurin: tiyon man birki na roba, robobin fin, robar fistin, wayar na'urar ABS. Man birki na DOT 3 sabo fil yana tafasa a digiri 205, wanda ya tsufa ya sha ruwa kuma tun wajen 140, kuma yana kama wuta. Ra'ayina shi ne, in aiki ya kai ga wuta, ya fita daga hannun mai gyaran gida. Haka in kan noti ya gama mulmulewa, ko ya karye. Kada ka ɗauko cizal, kada ka ari injin huda ka ce za ka haƙo shi, za ka karkace ka cinye zaren ramin, aikin noti ɗaya ya koma sayen biraket ko ƙafar mota sukutum. Kira mai walda da ya saba. Nawa, bayan an cire kan batir, wani noti aka ɗora a kan guntun aka yi masa walda, zafin ya ratsa shi, yana hucewa ya fito kamar ba shi ya hana ni cin abincin rana ba. Bai kai minti ashirin ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na zauna na rubuta wannan dogon bayani. Bayan guntun ya fita, yaron da ya zo tare da mai walda ya ruga ya dawo da wani noti daga cikin buhun tarkace. Tsawo ɗaya, zare ya shiga, har yana ƙyalli. Na karɓa da godiya zan ɗaura, Baba ya miƙo hannu ya karɓa, ya juya kansa ya nuna min: babu lamba, babu alama, sumul. Ya ɗauko ɗan uwan wanda ya karye ya nuna min tambarin da ke kansa. Notuna ba ɗaya ba ne ko da sun yi kama. Lambar da ake bugawa a ka, irin su 8.8 ko 10.9, ko alamomin da kamfanonin Japan ke sawa, ita ke faɗin ƙarfin ƙarfen. Wanda ba shi da komai, na ƙofar gida ne da gadon ƙarfe. Kuma waɗannan notuna biyu su ne ke ɗaukar ƙarfin tsayar da wannan tayar a duk lokacin da ka taka birki.

Wannan shi ne abin da ba ma magana a kai. Muna ba da labarin yadda muka yi fama da noti har muka ci nasara, ba ma tambayar me aka mayar. Wanda aka murɗe har ya miƙe, wanda aka gasa ya yi ja, wanda kansa ya mulmule aka buga masa soket da guduma, duk mayar da su ake yi, a gida da gareji, don wai ai ya ɗauru. Noti da ya yi ja a wuta ya rasa ƙwarinsa ko da ido bai gani ba. Wanda ya miƙe kuma ya riga ya fara tafiyar karyewa, saura rana. Gara ka sayi sabo, ko na asali daga masu sayar da kayan Beljiyam. In babu a Kafanchan, direbobin Kaduna na zuwa kullum, a sayo maka a Panteka, ka ba da tsohon a tafi da shi don a gwada. Motar ta kwana biyu a kan katako, ba abin da zai same ta. Ni dai tafiyar Jos a motar haya muka yi ta, uwargida ba ta yi min magana ba har muka wuce Gidan Waya.

Kuma ku tuna irin ƙasar da muke tuƙi a cikinta. Jos na sama da mita 1,200 daga teku, Kafanchan ba ta kai 800 ba. Ko ta Manchok ka biyo ko ta Forest, dawowa gida gangara ce, kuma duk wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo da mota cike da dankali da 'yan uwa ya san yadda ƙafa ke zama a kan birki, ya san kuma gawarwakin motocin da ke gefen hanya. In noti ɗaya ya tsinke a irin wannan wuri, kalifa zai daga ya bugi cikin rim, ko ya kulle tayar, ko ya tsinka tiyo mai ya zube, ka taka birki ya tafi ƙasa. Sai a taru a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda rai na hannun Allah, amma ba na jin daɗin yadda muke ɗora wa tsautsayi abin da muka ɗaura da hannunmu ranar Asabar.

Makanikanmu kada su ji kamar da su nake. Akwai ƙwararru a garin nan da za su ji ƙarar mota daga nesa su faɗa maka ciwonta. Sai dai gareji nawa ne ke da sifanan awo, wanda ake saita wa lamba ya yi ƙas idan ɗauri ya kai? Ni kaɗan na gani. Mu masu motoci ma da laifinmu, mu ne ke tsaye a kansu muna duba agogo, mu ne ke cewa a lallaɓa kawai idan aka ce a sayi sabo. Shawarata ga masu gyaran gida, tunda mun iya adashin biki da na taki, mutum biyar ko shida a layi ɗaya su haɗa kuɗi su sayi sifanan awo ɗaya, dogon hannun soket, da mariƙan ƙarfe guda biyu, a ajiye a gidan mutum ɗaya mai riƙon amana. Ba kullum ake buƙatarsu ba. A layinmu mun yi haka, kayan na ɗakin Baba, kuma ba ya bayarwa sai ya ji wace mota ce, wane noti ne.

Wajen mayarwa, goge zaren ramin da na notin tas, ka fara ɗaurawa da yatsu har ya yi zagaye uku-huɗu kafin sifana ya taɓa shi. In ya cije tun a farko, ya hau karkace ne, fitar da shi. Fin ɗin a shafa musu giris na birki, ba bakin mai ko giris na gama-gari ba, don waɗannan na kumbura roba, fin ya kafe, fad ya riƙa cinyewa gefe ɗaya. Kalifa kuma duk tsawon aikin a rataye yake da waya, ba a barinsa yana lilo a jikin tiyo. Idan ka sauke mota, kafin ka sa giya, taka birki sau da yawa har ka ji ya yi tauri, don takun farko bayan canza fad fanko ne, kuma an sha shiga katangar maƙwabci da shi. Ka zagaya layinku a hankali, kai kaɗai, ka taka ka saki, ka dawo ka sake leƙa notunan nan huɗu kafin ka ce yara su shiga.